Kafin Ƙafa Ta Yi Ƙwari: Sana'ar Koya wa Yara Rawa

A watan Yunin 2020 wani gajeren bidiyo ya fito daga Ajangbadi, wata unguwar masu ƙaramin ƙarfi a yankin Ojo da ke yammacin Legas. Yaro ne ɗan shekara 11 mai suna Anthony Mmesoma Madu, ƙafarsa ba takalmi, yana juyi yana tashi sama a kan daɓen siminti, ruwan sama na zuba. Kafin wata ya zagayo miliyoyin mutane sun kalla. Makarantar American Ballet Theatre ta New York ta ba shi gurbin horo kyauta, a 2021 ya wuce makarantar Elmhurst da ke Birmingham a Ingila, a 2024 kuma kamfanin Disney ya fitar da fim a kan rayuwarsa mai suna Madu.

Yawancin waɗanda suka kalla cewa suka yi baiwa ce, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai wanda ya san rawar bale, wani abu daban idonsa zai kama. Zai ga yaron ya kafe ido a wuri guda, jiki ya fara juyawa, sai can a ƙarshe kai ya wulga ya dawo inda yake, wato dabarar da ke hana jiri. Zai ga in ya tashi sama yatsun ƙafarsa a miƙe suke, in ya sauko kuma gwiwa ce ke lanƙwashewa ta karɓi nauyin. Ba a haihuwar kowa da waɗannan. Wani ne ya tsaya a kansa wata da watanni yana cewa a sake. Sunan mutumin Daniel Owoseni Ajala. A 2017 ya buɗe makarantarsa, Leap of Dance Academy, a cikin gidan da yake zaune: a ture kayan ɗaki gefe, a shimfiɗa leda a kan siminti, a fara darasi, kuma ba ya karɓar ko kwabo daga iyayen yara. Shi kansa ba a makaranta ya koya ba. Wani fim ɗin Amurka mai suna Save the Last Dance ne ya sa masa sha'awar, sauran kuma a YouTube ya tsinta.

Sana'ar irin su Ajala nake so mu duba, domin sana'a ce da ake yawan rikita ta da wata. Iya rawa daban, iya koya wa yaro rawa daban. Akwai gwanayen da suka cika manyan zauruka da tafi, amma ka bar su da 'yan shekara 4 guda goma sha biyu, kafin minti goma aji ya watse. Abin da malamin yara ke ci da shi shi ne sanin jikin da bai gama girma ba: me zai iya ɗauka bana, me kuma za a ɓoye masa sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. Rabin ilimin sana'ar nan a wurin hanawa yake.

Ajin 'yan shekara 3 zuwa 5 ya fi kowanne wuya, kuma wanda ya leƙa ta taga ba zai ce rawa ake koyarwa ba. Rabin awa ne, in ya yi tsawo minti 45. Malama ta riga ta jera 'yan faifan roba masu launi a ƙasa, kowane yaro da nasa, saboda ɗan shekara 3 bai san abin da ake nufi da "tsaya a layi" ba, amma ya san jan faifan nan nasa ne, kuma zai koma kansa in an ce kowa ya koma gidansa. Za ka ji tana cewa a yi tafiyar giwa, a yi tsallen kwaɗo, a yi sanɗar kyanwa kada ɓera ya ji. Za ta kunna kiɗa a yi ta gudu da gyale a hannu, ta kashe shi kwatsam, kowa ya sandare. Duk bayan 'yan mintoci sai ta sauya wasa, tun kafin hankalinsu ya tashi ya bar ta.

Kowane wasa a cikin waɗannan da abin da yake ginawa. Giwa tana koya wa yaro sakin nauyinsa a ƙasa, kyanwa tana koya masa ɗauke shi. Kwaɗo shi ne farkon lanƙwasa gwiwa kafin tsalle da bayansa. Wasan sandarewa kunne yake horarwa, da kuma abin da ya fi kunne wuya ga ƙaramin yaro, wato tsayar da jiki bayan ya ɗauki gudu. Wani masanin motsin jiki, Rudolf Laban, wanda ya yi hijira daga Jamus zuwa Ingila, ya fitar da littafi a 1948 kan koyar da rawa a makarantun yara, kuma tunaninsa na raba motsi zuwa wuri da lokaci da nauyi da gudana har yau shi ne ƙashin bayan irin waɗannan azuzuwa, ko da malamar ba ta taɓa jin sunansa ba.

Akwai kuma jerin da jiki da kansa ya tsara, ba malami ba. Yaro yakan iya sukuwa irin ta doki, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya na kora ta, tun yana shekara 3 ko 4. Ɗingishin wasa a ƙafa ɗaya yana zuwa kusan lokacin. Amma haɗa taku da ɗan tsalle ana sauya ƙafa, abin da babba ke yi ba tare da tunani ba, yawanci sai shekara 5 ko 6. Malamar da ta san haka ba za ta tsawata wa 'yar shekara 4 da ta kasa ba, za ta riƙe hannunta su yi tare, ta bar sauran ga lokaci. Dama da hagu ma haka suke, ba sa zaunawa sosai a kan yaro sai wajen shekara 6 ko 7, shi ya sa ake ɗaura ɗan zare a wuyan hannun dama. Ita kuwa malamar, da yake fuskantar yaran take, tilas ta koyi ɗaga hagunta tana cewa "dama", ta yi haka shekara da shekaru ba tare da ta rikice ba. Ga wanda ke kuka don uwarsa ta fita, ga wadda fitsari ya matsa, ga wanda yau ya ƙi cire takalmi. Duk wannan cikin aikin yake, kuma babu takardar shaidar da ke koyar da shi kamar yadda shekaru a cikin ɗakin ke koyarwa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, a makarantu da dama wannan ajin ne ake miƙa wa mafi ƙarancin gogewa, sau da yawa wata ɗalibar da ke manyan azuzuwa, a kan cewa ai wasa ne kawai. A ganina juya lissafin ya kamata a yi. A ajin nan ne yaro ke yanke shawarar ko yana son ɗakin ko yana tsoronsa, kuma mugun tsayi ko muguwar sauka da aka koya a shekara 5 takan ci wa malamin gaba shekaru kafin ya warware ta.

Daga shekara 6 zuwa 8 abin ke fara kama da bale ɗin da ake gani a hoto. Gashi a ɗaure, kaya masu kama jiki domin malami ya ga gwiwa da ƙugu da gadon baya, sannan ga sandar dafawa da aka kafa a jikin bango. A nan ake koyon tsayuwa biyar na ƙafa, waɗanda aka danganta tsara su ga Pierre Beauchamp, malamin rawar Sarki Louis na 14 na Faransa. Sarkin nan shi ya kafa cibiyar rawa ta fada a 1661, shi ya sa har gobe da Faransanci ake kiran sunayen takun bale, a Mosko ne ko a Ajangbadi. Darasi yana da jeri wanda ba a tsallakewa: a fara a jikin sanda da lanƙwasa gwiwa, a zo goga ƙafa a ƙasa, a fito tsakiyar ɗaki ba madafa, tsalle kuma sai a ƙarshe bayan jiki ya yi ɗumi. Yaro zai yi wannan jerin ɗaruruwan sau. Gwanintar malami ita ce ya sa maimaicin ya zama sabo kullum, yau da wannan kiɗa, gobe da wancan labari.

Turawan Ingila sun mai da wannan hawa tsani mai matakai. Royal Academy of Dance, wadda aka kafa a Landan a 1920, tana da manhajar 'yan shekara 2 da rabi zuwa 5, sai matakin share fage daga shekara 5, wani daga shekara 6, sannan aji 1 zuwa 8, inda na farko ke buɗewa daga shekara 7, ukun ƙarshe kuma sai an kai 11. Masu jarrabawarta suna zagaya ƙasashe fiye da 70. Ranar jarrabawa yara kan shiga su uku ko huɗu da lamba maƙale a riga, mai jarrabawa na zaune a bayan tebur da 'yar ƙararrawa, malamin da ya sha wahalarsu kuwa yana waje, ba shi da ikon ko ɗaga gira. Wani abin sha'awa a manhajar shi ne, ban da bale zalla, ana koya wa yaran takun gargajiya na Hangare da Folan da Rasha, da takalmi mai dunduniya da siket mai ratsin ribon, a kuma jarraba su a kai. Rawar ƙauyen wasu ce ta sami masu zama su rubuta ta mataki-mataki, har ta zaga duniya. Rashawa nasu tsarin ya fi tsanani. Makarantar Vaganova ta birnin Saint Petersburg, wadda asalinta ke komawa 1738, tana tace yara ne wajen shekara 10, ta riƙe su shekara 8, kuma daga cikinta Anna Pavlova da Rudolf Nureyev da Mikhail Baryshnikov suka fito.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma iyaye da malamai masu gaggawa da wannan suke kafa hujja. Amma duk wanda ya taɓa tanƙwara tsiro ya san akwai ɗanyen da in ka matsa masa tsagewa yake. Ɗauki buɗe ƙafa, wanda shi ne alamar bale: tafin ƙafa biyu suna kallon waje. Daga gaɓar ƙugu ya kamata buɗewar ta taso, kuma kowa da iyakar da Allah ya yi wa ƙashin ƙugunsa. Yaron da ke son burge malami zai murɗa tafin ƙafarsa waje fiye da yadda ƙugu ya yarda, sai gwiwa da idon sawu su biya bashin. Malamin kirki zai durƙusa ya dawo da ƙafar ciki, ya ce nan ne naka, daga nan za mu fara. Malamin da ke neman hoto mai kyau zai yaba masa.

Babban gwajin amanar malami shi ne takalmin tsini, wanda 'yan mata ke tsayawa da shi a kan ƙarshen yatsu. A ido kamar alharini ne mai laushi, alhali bakinsa tauri gare shi, an yi shi da yadi da takarda da gam hawa-hawa. Duk yarinyar da ta shiga bale shi take mafarki, uwarta ma haka. To amma ƙasusuwan ƙafar yaro suna da wurare masu guringuntsi inda tsawo ke fitowa, kuma ba sa gama ƙwari sai an shiga shekarun balaga. Ƙungiyar likitoci da masanan lafiyar masu rawa ta duniya ta ba da shawarar kada a fara kafin shekara 12, kuma sai bayan shekaru na horo a kai a kai, sai kuma an ga idon sawu da ciki da ƙugu sun yi ƙarfin riƙe jiki. Shekaru kaɗai ba sa isa. Za a sami aji guda, ƙawaye biyar sun sami izini, ta shida an ce ta jira wata shida. Za ta yi kuka, uwarta za ta zo da fushi, wataƙila ma ta ce za ta mai da ita makarantar da ke can gaba inda ba a wannan tsaurin. Malamar da ta tsaya a kan bakanta ranar nan, ta yarda ta rasa kuɗin zango, ita ce mai sana'ar.

Ana cikin haka kuma sai girma ya zo ya rushe abin da aka gina. Wajen shekara 11 zuwa 13 ga mata, maza kuma a ɗan makare, ƙashi kan riga tsoka tsawo. Yarinyar da bara take kai ƙafa har kunne bana ta kasa, juyin da ta ƙware a kai ya gudu, gwiwa na ciwo, diddige na ciwo. Da yawa a nan suke barin rawa, suna zaton baiwar ce ta ƙare. Aikin malami shi ne ya rage tsalle, ya faɗa mata gaskiya cewa jikin ne ke sabon gini kuma komai zai dawo, ya kuma hana ta kallon madubi da idon ƙiyayya.

Ba bale kaɗai ake koyarwa ba, kuma yawancin makarantun unguwa a Ingila da Amurka ba za su iya biyan haya da shi kaɗai ba. Akwai rawar taf, wadda ake yi da takalmi mai faranti na ƙarfe a ƙarƙashin yatsu da dunduniya. A Amurka aka haife ta, inda takun bayin da aka kwaso daga Afirka ya haɗu da na 'yan ci-ranin Ayalan. Mashahurin gwaninta Bill Robinson shi ya koya wa Shirley Temple rawar hawa matakala tana 'yar shekara 6, suka yi ta tare a wani fim na 1935. Malamin taf da kunne yake aiki fiye da ido. Yana iya juya wa aji baya ya ce wane, dunduniyarka ta makara. Abin da bale ke ɗaurewa shi taf ke saki: a can idon sawu a miƙe, a nan a sake. Darasin farko kuwa, in ka sa wa yara goma sha biyar ƙarfe a ƙafa, shi ne yadda ake tsayawa shiru.

Hip-hop daga titi ya shigo aji. A unguwar Bronx ta New York ya tsiro, a wuraren casu irin wanda DJ Kool Herc ya haɗa a watan Agustan 1973, kuma reshensa na juyi a ƙasa har ya shiga gasar Olamfik ta Faris a 2024. Shi ne ƙofar da yara maza suka fi shigowa ta ita, musamman inda ake yi wa namiji mai bale dariya. Malaminsa yana ƙirga "biyar, shida, bakwai, takwas" kamar kowa, amma yana da wani abu da bale ba shi da shi: a yi da'ira, kowa ya shiga tsakiya ya yi nasa. Yaro mai kunya da ya shiga da'irar nan sau ɗaya ya fito ana tafa masa, ya sami abin da ba a saye. Nan ma akwai hanawa. Juyi a kan ka ba na wuyan ɗan shekara 7 ba ne, kuma malami mai mutunci yakan zauna da dare ya saurari kowace waƙa baiti-baiti kafin ya kunna wa yara. Yaran Afirka ma sun sami irin wannan ƙofa: a Kampala ta Yuganda, Dauda Kavuma ya tara yaran unguwannin talakawa ya kafa Ghetto Kids, waɗanda suka yi suna a 2014 da rawar da suka taka wa wata waƙar Eddy Kenzo, suka kuma kai zagayen ƙarshe na gasar Britain's Got Talent a 2023.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun saba ganin ƙafa mai ƙararrawa da ido mai magana, ba tare da mun tambayi inda aka koyo su ba. A kudancin Indiya, a makarantu irin su Kalakshetra da Rukmini Devi Arundale ta kafa a Madras a 1936, malamin rawar Bharatanatyam a zaune yake koyarwa, da 'yar sanda yana bugun guntun katako yana furta amon da baki. Yarinya za ta shafe watanni a rabin tsugunne, gwiwoyi a buɗe, tana buga tafin ƙafa a ƙasa kawai, kafin a ƙara mata hannu, kafin a zo ga ido da fuska. Fitowarta ta farko ita kaɗai a gaban jama'a sai bayan shekaru, kuma malamin ne ke cewa lokaci ya yi, ba iyaye ba. Wata tsohuwar ƙungiyar malaman rawa ta Landan, ISTD, wadda aka kafa a 1904, yanzu tana shirya jarrabawar wannan rawa da ta wata rawar Indiya mai suna Kathak aji-aji, kamar yadda take yi wa taf.

Kayan aikin sana'ar ba su da yawa, amma ɗaya a ciki tsada gare shi: daɓe. Wanda ya dace shi ne na katako da aka ɗora a kan wani abu mai ɗan lotsawa, domin ya shanye dukan sauka. Siminti ba ya shanye komai, ƙauri da gwiwa ne ke shanyewa. Don haka malamin da siminti kawai gare shi dole ya zama mai rowar tsalle. Sai madubi, sai sanda, wadda bayan kujera kan maye gurbinta, sai abin kiɗa. Manyan makarantu suna da mai fiyano a kusurwa yana bin saurin yaran, sauran kuwa waya da lasifika.

Kuɗin shiga daga kuɗin zango yake zuwa, da na jarrabawa, da bikin ƙarshen shekara, wanda shi ne tallan makaranta kuma shi ne abin da ke hana malamai barci: hayar zaure, ɗinkin kaya, wa zai tsaya a gaba wa zai tsaya a baya, da iyayen da kowannensu ke ganin nasa ne ya cancanci tsakiya. Ga iyaye kuma, ƙafar yaro ba ta jiran takalmi ya tsufa. Ga baƙar fata har da wani ƙarin nauyi, domin an yi takalman bale ne da launin fatar Bature, sai masu rawa baƙaƙe su yi ta shafa musu hodar kwalliya don su dace da ƙafarsu. A 2018 kamfanin Freed of London, tare da ƙungiyar Ballet Black, ya fitar da takalman tsini masu launin ƙasa-ƙasa. Wannan tsada ita ta sa masu koyarwa kyauta suke da girma a idona. Arthur Mitchell, bayan kisan Martin Luther King a 1968, ya koma unguwarsu ta Harlem ya fara tara yara, ya koyar a wani tsohon gareji, daga nan Dance Theatre of Harlem ta tashi a 1969. Mike Wamaya ya yi shekaru yana koyar da bale a azuzuwan makarantun Kibera a Nairobi, har ya shiga cikin goman ƙarshe na kyautar gwarzon malamin duniya a 2017. Misty Copeland, wadda a 2015 ta zama baƙar mace ta farko da ta kai matsayin babbar tauraruwa a American Ballet Theatre, a filin ƙwallon kwando na wata cibiyar yara a Kalifoniya ta yi darasinta na farko, kyauta, tana 'yar shekara 13, a hannun Cindy Bradley.

Sana'ar tana da nata datti, kuma ɓoye shi ba taimako ba ne. Kasuwar gasa, musamman a Amurka, ta haifar da makarantun da ke sa wa 'yan shekara 7 kaya da kwalliya da karairayar da ba ta dace da su ba, don alƙalai su ba da kofi. Wannan cin amanar yarinta ne, ko da iyaye ne suka biya kuɗin ɗinkin. Akwai malaman da ke yi wa yarinya maganar ƙiba a gaban aji, kalma ɗaya ta bi ta har girma ta hana ta cin abinci. Sannan aiki ne da ake taɓa jiki, a gyara kafaɗa, a daidaita ƙugu, don haka ƙofa ce da mugu zai iya shigowa ta ita. A Ingila ana binciken tarihin laifi na masu aiki da yara kafin a ɗauke su, makarantun kirki kuma suna da taga ko ƙofar gilashi da iyaye ke gani, ba sa barin babba da yaro su kaɗai a rufe, suna kuma koya wa malamai su nemi izinin yaro kafin su kai hannu. Uban da zai kai ɗansa ya fara duba waɗannan kafin ya dubi kofunan da aka jera a kanta.

A ƙasar Hausa ba mu san rawa da aji da rasit ba. A dandali 'yan mata ke koyon gaɗa, ƙanwa na bayan yayarta tana kwaikwayon tafi, ta faɗa baya ƙawaye su cafe ta, kuma in ka lura jerin nan na shekaru yana nan, domin ba wadda ke jefa 'yar ƙarama tsakiya kafin ta isa. Gidaje da yawa kuma suna da dalilansu na addini da kunya da ke sa su nesanta 'ya'yansu da rawa, kuma ba na ganin aikin kowa ne ya raina musu wannan. Amma dandali yana ja da baya a birane, yara kuma ba su daina rawa ba, a waya suke koyo, ba mai tace musu waƙa, ba mai ce musu wuyanka bai isa ba. Inda ake koyar da su da gangan shi ne in ranar al'adu ta matso a makaranta: a ɗauko mai koyarwa na mako biyu, a ɗaura musu kacau-kacau a ƙafa, a sa su lanƙwasar koroso da ɗaga juna irin na manyan 'yan wasan Kano, a kan siminti, ba ɗumama jiki.

A Senegal, Germaine Acogny, wadda ta shugabanci makarantar Mudra Afrique da aka buɗe a Dakar a 1977, daga baya ta gina École des Sables a ƙauyen Toubab Dialaw, ta zauna ta tsara motsin raye-rayen Afirka ta Yamma ya zama fanni mai ƙa'ida da ake zuwa koyo daga nahiyoyi. Irin wannan zaman nake so in ga an yi wa koroso saboda yara. Tsofaffin 'yan wasan su zauna da likitan ƙashi da malaman firamare, su ware abin da ɗan shekara 5 zai yi, wanda bai wuce bin ganga da jin sarewa da sarrafa kacau-kacau ba, su ware takun ɗan shekara 8, su ajiye lanƙwasa baya da ɗaukar abokin rawa a kafaɗa sai an haura 12, maza da malaminsu, mata da malamarsu ga iyayen da suka fi son haka, a kan tabarma mai kauri ko ƙasa mai yashi.